Hamsin da Biyar Cikin Ɗari Huɗu

Tirela ta riga ta juyo da baya zuwa ƙofar sito, 'yan dako sun fara tuɓe riguna, sannan Gwaggo Lubabatu ta saki maganar da ta dagula wa Radiyya lissafi. Da fara'a ma ta faɗe ta, tana gyara ɗaurin kallabi.

"Ni dama ban yi shakkar gwajin ga ba," in ji ta. "Mu da munka zauna munka tsince ta ƙwara-ƙwara? Ko guda mai baƙi ba mu bari ba."

Radiyya tana riƙe da takardar sakamako, ta riga ta sa mata hannu, saura kawai ta miƙa wa wakilin kamfani. Ta juyo a hankali.

"Mi kunka tsince, Gwaggo?"

"Gujiyar da kinka ƙulla cikin ledoji mana. Ran da kinka tahi Sakkwato."

Sai mun ɗan koma baya, in ba haka ba ba za a gane abin da ya sa maganar ta tayar wa Radiyya hankali ba. Ita 'yar cikin garin Sakkwato ce, gidansu gidan ma'aikata, ta yi karatun ƙididdiga har ta fito da sakamako mai kyau. Gwaggo Lubabatu ƙanwar mahaifinta ce, aure ya kai ta Gidan Katta shekara talatin da suka wuce, kuma ita ce shugabar wata ƙungiya ta mata sittin da uku masu noman gyaɗa, wadda a can suke kira gujiya. Bana Allah ya kawo musu wani kamfani mai haɗa abincin yara masu tamowa, ya ce zai saye gyaɗarsu gaba ɗaya, buhu ɗari huɗu cif, wadda suka tara a wani sito a Illela. Wahalar damina guda ke nan ta gida sittin da uku. In kamfanin ya fasa, sai dai su koma wa dillalan kasuwa da suka tsallake, su kuwa dillalai ba sa manta wanda ya tsallake su.

Sharaɗi ɗaya kamfanin ya gindaya. Akwai wata guba da fumfuna ke haifarwa a cikin gyaɗar da ta sha danshi, ba ta da wari, suya ba ta kashe ta, hantar yaro take ci a hankali. Bana kuwa ruwan ƙarshe ya daki gyaɗar mutane tana shanya. Kamfani ya ce sai an kawo shaida cewa buhunan da ke da gubar ba su kai biyar cikin ɗari ba. Shi ya sa Gwaggo ta aika aka kira mata ɗiyar wanta mai boko.

Radiyya ta zo da ƙa'idar aikinta, wadda ta ba matan dariya ranar farko. A wurin alƙali, mai zargi ne ke kawo shaidu. A wannan aiki kuwa da zargi ake farawa: a ɗauka gyaɗar ta lalace, sai in ta kawo shaidun da za su wanke ta. Shaidu nawa? Nan aka yi dambarwa. Gwaggo ta ce buhu uku sun isa, ai mai miya ba ta shanye tukunya kafin ta san gishiri ya ji. Radiyya ta ce miya ana motsa ta, buhu ɗari huɗu daga gona sittin da uku kuwa ba wanda ya motsa su. Ta zauna da biro, lissafi ya ba ta hamsin da biyar. In da gaske buhu ashirin ne gurɓatattu a cikin siton, da wuya ƙwarai a ɗebo hamsin da biyar ido rufe ba a ci karo da ko ɗaya ba. In an yi haka sau ashirin, bai fi sau ɗaya mutum ya kuɓuce musu duka ba. Saboda haka in duk hamsin da biyar suka fita lafiya, zargi ya faɗi. In ko ɗaya ya nuna guba, babu takarda.

Ta rubuta lamba a jikin kowane buhu, ta zuba lambobin a ƙwarya, aka yi ƙuri'a a gaban kowa don kada wata ta ce an tsane ta. Ta soka dogon ƙarfen ɗiba sama da tsakiya da gindin kowane buhun da ƙuri'a ta faɗa wa, ta cika tiya guda, ta ƙulle a leda da lambarsa. Kashegari ta tafi Sakkwato karɓo tsinkayen gwaji, waɗanda sai da ta yi sati uku tana roƙo kafin ta samu hamsin da shida. Ledojin ta bar su a sito. Makulli yana hannun Gwaggo.

Kwana biyu ta yi tana niƙa, tana jiƙawa, tana tsoma tsinke. Layi biyu lafiya, layi ɗaya guba. Sau hamsin da biyar layi biyu yana fitowa, har ta yi sujadar godiya a kan simintin sito. Ko sau ɗaya bai zo mata a rai ba ta tambayi kanta yadda aka yi gyaɗar ƙauye ta yi kyau haka, babu tsakuwa babu motsattsiya. 'Yar birni ce, gyaɗa a faranti ta san ta.

Yanzu ga ta tsaye da takarda a hannu, ta ja Gwaggo gefe, bayan sito, inda wakilin kamfani ba zai ji ba.

"Gwaggo, don girman Allah, ledojin kunka buɗe?"

"Awo. Ni da mata tara, tun hantsi har azahar. Kada ki damu, ba mu haɗa su ba. Kowace leda mun maida mata lambarta yadda kinka bar ta."

"Wa yac ce ku taɓa?"

Gwaggo ta dube ta sama da ƙasa. "Wa za ya ce muna? Abin da za a gwada wa baƙi, a kai birni, a rubuta sunan Gidan Katta a kai, shi za mu bari da ruɓa da tsakuwa? Ke ko tuwo za ki kai gidan surukai ba ki shahe mishi baya ba? Mutuncinki munka tsare, ɗiyar ga."

Radiyya ta dubi takardar da ke hannunta. Da mugunta suka yi da ta sami bakin faɗa. To alheri suka yi mata, alherin da ya cinye sati uku na roƙo da tsinke hamsin da biyar. Garin gyaran gira an tsone ido. Takardar da ke hannunta gaskiya ce tsantsa game da tiya hamsin da biyar da mata goma suka tsince, amma ba ta san komai ba game da buhu ɗari huɗun da ke shirin hawa mota. Ƙwara ɗaya mai baƙi tana iya ɗaukar gubar da za ta ɓata tiya guda, kuma waɗannan ƙwayoyin ne aka cire kafin ta gwada.

Tsoro ya kama ta sosai. Sai wata dabara ta faɗo mata. Saura tsinke ɗaya a jaka. In ta sami ɓaragurbin da aka tsince ta gwada shi, kuma ya fita lafiya, to shi ke nan: in mafi munin gyaɗar ba ta da guba, sauran ma ba ta da ita, takarda ta tsaya da ƙafarta.

"Ina abin da kunka hidda?"

"Ramatu tat tahi da shi gida. Ta ce ƙuli za ta yi ma ɗiyanta."

Wakilin kamfanin, wani mai suna Mujtaba, mutumin Kano ne mai yawan duba agogo. Radiyya ta je ta ce masa akwai wani gwaji guda da ya rage, ya ba ta zuwa azahar.

"Hajiya, na ga takarda a hannunki," in ji shi.

"Ba ta gama ba."

"To ni dai kuɗin 'yan dako yana tafiya, ki sani."

Ta tare ɗan kabu-kabu mai babur a bakin titi, ta ce Gidan Katta, ta ce ya yi sauri. Suka ratsa ta gaban 'yan canji suna kaɗa sefa, suka bar kwalta, suka shiga yashi. Tun daga Illela har ƙofar gidan Ramatu addu'a ɗaya take maimaitawa: Allah ya sa ba a soya ba, Allah ya sa ba a daka ba.

Ta tarar da Ramatu a tsakar gida tana tankaɗe. Bazawara ce mai 'ya'ya huɗu, buhunta shida ne a cikin ɗari huɗun. Da ta ji abin da ake nema sai kunya ta kama ta, ta shiga ɗaki ta fito da wata tasa. Rabi ya rage. Gyaɗa ce motsattsiya, wata baƙa, wata da kore-kore a tsagarta.

"Ina sauran?"

"Na soya ma yara shekaranjiya. Ai ba a zubda abinci, Malama. Kowace shekara mai kyau ta tahi kasuwa, wagga mu ci."

Radiyya ta karɓi tasar. Ta ari turmi ta daka da kanta, ta auna, ta zuba ruwan magani, ta girgiza, ta tsoma tsinken ƙarshe. Minti biyar ake jira. Ta tsuguna a gindin turmin ta zuba masa ido, har ƙafarta ta yi tsami. Layin farko ya fito ja. Ta ba shi minti biyar, ta ƙara masa biyar, ta ɗaga shi ta duba a hasken rana, ta juya shi. Layi na biyu bai fito ba.

Akwai guba ke nan. Daga buhu ɗaya ta fito ko daga talatin? Allah kaɗai ya sani, tunda an haɗe tsintar a tasa guda. Ta ce wa Ramatu ta haƙa rami ta binne abin da ya rage, kada ko akuya ta ci. Ramatu ta dubi tasar, ta dubi ƙofar ɗakin da ƙaramar 'yarta ke barci, ta ɗauki fartanya.

A hanyar komowa Shaiɗan ya hau babur ɗin tare da ita, kuma ya iya magana. Wa ya sani? Gwaggo ba ta ma san ta yi laifi ba. Mujtaba takarda yake so. Wataƙila ma buhu biyu ne kawai, wanda bai kai sharaɗi ba. Wataƙila kamfani zai sake gwadawa, in ya so laifin ya zama nasu. Ga mata sittin da uku, ga Ramatu da buhunta shida. Ki miƙa takarda ki yi shiru, kafin la'asar mota ta wuce Gwadabawa. Har ta fara yarda. Abin da ya hana ta shi ne ta san wanda zai ci wannan gyaɗa: yaron da uwarsa ta goyo zuwa asibiti, hannunsa kamar sillen kara.

Ta iso ana kiran azahar. Matan ƙungiya sun cika inuwar sito, sun zo ganin tashin mota, wasu har da sabon zane. A gabansu duka ta faɗa wa Mujtaba gaskiya. Ta ce gwajin bai inganta ba, laifinta ne da ta bar samfuri ba ta yi gargaɗi ba, kuma ba za ta ba da takardar ba.

Wuri ya kaure. Wata ta ce dama boko ba ya gyara sai ɓatawa. Wata ta ce an kawo ta ta taimaka ta zo ta tona musu asiri. Gwaggo Lubabatu kuwa ta koma ta zauna a kan dakali.

Mujtaba ya cire hula ya sosa kai. "Da kin miƙo min da ban sani ba, wallahi."

"Na sani."

"To kaya ba takarda ba na ɗauka. Sai ki sake gwaji."

"Tsinke ya ƙare. Kahin in samu wasu sati uku."

Ya juya zai kira direba. Radiyya ta sha gabansa, ba ta ma san ta yi ba. Wani abu ne ya faɗo mata, kuma tana faɗarsa tana jin yadda yake kama da hauka.

"Malam Mujtaba, tsaya. Takardar ga ba ƙarya ba ce. Ta ce gyaɗar da aka tsince da hannu, daga buhu hamsin da biyar na ƙuri'a, ba ta da guba. In aka tsince sauran buhunan yadda aka tsince waɗannan, takardar ta zama tasu."

Mujtaba ya duba agogo. Ya koma gefe ya buga waya, ya yi ta bayani, ya dawo.

"Sun ce zan tsallaka Konni ta Nijar in duba wata gyaɗa, kwana huɗu. In na dawo, buhun da aka tsince a gabanki kika sa masa hannu, shi zan ɗauka. Wanda ba a tsince ba in cike gurbinsa da ta can. Ba ƙarin ko yini ɗaya."

Da tirela ta tashi wayam, Radiyya ta zauna ƙasa ta yi lissafin da ta fi tsoro. Mata goma sun tsince tiya hamsin da biyar a rabin yini. Kowane buhu tiya arba'in. Ta buga, ta sake bugawa, amsar ba ta canza ba.

"Mata nawa?" Gwaggo ce ta tambaya, karon farko da ta buɗe baki.

"Ɗari uku da sittin da huɗu, Gwaggo. Kullum, sahe zuwa marece. Mu sittin da uku muke."

Gwaggo ta miƙe ta ɗaure gyale a ƙugu. "Ni nib ɓata, ni ka gyarawa. A aika Kalmalo, a aika dut inda muke da ɗiya ko ƙanwa da aure. A ce Lubabatu na gayya. Kowa ta zo da hwaihwanta." Sannan ta juya ga mai gadin sito. "Buhunana ashirin da biyu, a ja su can ƙurya. Su ne na ƙarshe."

Ranar farko mata ɗari da goma suka zo. Radiyya ta tsaya a ƙofa tana ƙirga su, tana leƙen hanya, har rana ta take ba a ƙaru ba. Ta tuɓe takalmi ta zauna a tabarma ta karɓi faifai, aka yi mata dariya don ba ta iya riƙonsa ba. Rana ta biyu aka kai ɗari uku, har da waɗanda suka tsallako daga ƙauyukan Konni a kan amalanke, don labari ya bazu cewa tsohuwa ta shiga uku. Harabar sito ta cika ta batse har bakin titi. Ba kiɗa, ba waƙa, sai ƙarar gyaɗa a faifai da tari. Rana ta uku aka haura ɗari biyar, amma idanu sun fara gajiya, Radiyya tana bi tana duba kowane buhu kafin a ɗinke, wanda ta ga baƙa a ciki ta sa a zazzage a sake. An zage ta a ranar fiye da yadda aka taɓa zaginta tun da aka haife ta. Yatsunta suka tsage, wuyanta ya ƙage, ta ci gaba. Abin da aka fitar kuwa ana tara shi a bayan sito, tsibi guda, kowa ta wuce sai ta kau da kai.

Rana ta huɗu da la'asar tirela ta dawo. Radiyya ta roƙi Mujtaba ya ba su zuwa gobe da hantsi, har ta durƙusa masa a gaban 'yan dako, abin da ba ta taɓa yi wa wani namiji ba in ba mahaifinta ba. Ya kau da fuska ya ce ba a hannunsa yake ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Aka loda abin da aka gama. Na Ramatu shida sun hau. Na mata sittin da biyu sun hau, ko da yake kowane buhu ya rame. Da 'yan dako suka ɗaure tamfal, abin da ya rage a ƙuryar sito buhu ashirin da biyu ne, ba a ko kwance bakinsu ba.

Mata suka watse da sauri don su isa gida kafin magariba. Radiyya ta shiga sito ta tarar da Gwaggo zaune a gaban buhunanta, ta miƙe ƙafa, idanunta sun yi ja don kallon gyaɗa. Noman shekara guda ke nan na tsohuwar da ta goye ta tana jaririya, kuma ba wanda zai saye shi yanzu da daraja, duk Illela ta san buhunan da mota ta bari. Nan kukan da Radiyya ta riƙe kwana huɗu ya ƙwace mata.

"Gwaggo, ki gahwarce ni. Da na yi shiru da dut sun tahi."

"Da sun tahi," in ji Gwaggo. Ba ta dai ce ta yafe ba. Ta sa haƙori ta tsinke zaren buhun farko, gyaɗa ta zubo a tabarma. "Miƙo min hwaihwan can."

"Gwaggo, mota ta tahi."

"Na gani, ba makauniya ba ce ni." Ta ɗebi gyaɗa ta baza, ta kai fuskarta kusa, ta zaro wata baƙa ta ajiye gefe. "Gujiyar buhunan ga, jikokina ka cin ta. Zauna."